Inda Baba Iro Yake Ajiye Tunaninsa

A duk unguwar New Bell ta Duwala, daga bakin babban masallaci har layin dogo, ba a yi mutumin da ke riƙe abu a ka kamata ba. Ni tela ne, kun sani, kuma in na auna mutum sau ɗaya, har ya mutu ba na sake ɗora masa tef. In ya yi ƙiba ma, kaina ne ke ƙara masa santimita biyu tun bai iso shago ba. Wannan kowa ya shaida, in ban da mutum goma sha wani abu da na ɗinka wa wandon wasu, da kuma marigayi Baba Iro, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana gaya wa duniya cewa kaina rariya ce.

Ku da kuka san shi kun san gaisuwarsa. Yana zaune a bencinsa na ƙofar gida, namijin goro a kunci, sai ya bari ka durƙusa ka gama gaisuwarka tsaf, sannan ya ce:

"Shekaranjiya da rana me ka ci?"

In ka amsa nan take, ya sa maka albarka. In kuwa ka ɗaga ido sama kana "to, ina jin kamar...", taka ta ƙare. Sai ya juya ga mutanen benci yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Wannan ma ya tafi. A je a yi wa iyalinsa jaje."

Domin Baba yana da wani karatu nasa na kansa, wanda bai ɗauko wurin malami ko likita ba. Wai tunanin namiji ba a kai yake ba, a ƙugu yake. Muddin mutum na da ƙarfinsa na ɗa namiji, ba ya mantuwa. Ran da ƙasa ta yi sanyi, ran nan sama za ta fara yoyo. Saboda haka a wurinsa in ka manta abu, asirin ɗakinka ka tona da bakinka. Na san ɗan kasuwa mai shago uku da ya daina bin layinmu, yana zagayawa ta bayan kwata yana tattare riga, don kawai ya taɓa laluben makullinsa a gaban Baba.

Ni ba ni da hanyar zagayawa, saboda jikarsa nake aure. Hajara ce jikarsa ta fari, kuma kun san wasan kaka da jika: ita "amaryata" yake kiranta, ni kuma tun ranar ɗaurin aure sunana ya koma "ɓarawo". Ni ma ba na raga masa, "Tsoho" nake ce masa a gaban kowa. Wasa ne, na sani. Amma ku gaya mini, wane namiji ne zai ji daɗi matarsa ta aike shi kasuwa, ya dawo da komai ban da abin da aka aike shi, ta karɓi ledar ta leƙa ta ce, "In Kaka ne, sau ɗaya ake faɗa masa"? In tana son sanin watan da aka yaye babbar 'yarmu, ba ni take tambaya ba, ni da na sayi ragon sunan. Mayafi take yafawa ta tafi wurin Tsoho. Ranar aurenmu ma shi ya fi ni sani, har da kalar hular da na ara. Na yi kishin mutumin nan irin kishin da ban taɓa yi wa saurayi ba, shi kuwa haƙoransa shida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikinsa. Baba Iro ne mai gayyar Hausawan Duwala. In an haihu ko za a ɗaura aure, shi ke ɗaukar jakar goro ya bi gida gida. In rasuwa ce, ya tafi hannu wofi da sauri, don a samu jama'a kafin la'asar. Wanda bai sani ba zai ce ai yawo ne kawai. To ba sanin gidajen ne aikin ba, sanin jerinsu ne. Ba a shiga gidan ƙane kafin na wa. Gidajen da kakanninsu suka zo da ƙafa tun zamanin Jamus suna gaba da na waɗanda suka sauka daga mota bara. Akwai mutum biyu a layi ɗaya da ba sa ga maciji, kowanne kuma sai ya tambaya ko an riga an je wa ɗayan. Akwai matar da aka saka shekara ashirin da suka wuce, amma dole a gaya mata don 'ya'yanta jinin gidan ne. Ka tsallake gida ɗaya, ka haɗa gabar da sai jikoki sun gada. Duk wannan a kan Baba yake, ba takarda, ba alƙalami, daga New Bell zuwa Nylon, daga bayan kasuwar Dakar har tsallaken gada. Kuma mai gayya ba ya yin sallama sau biyu. Kowane zaure nasa ne, tabarmar gaba tasa ce, in an yanka rago hanta tasa ce.

Ina son aikin nan. Ba don hantar ba. To, har da hantar. Amma babban abin shi ne ina so wata rana in shigo layi a ce "ga mai gayya nan", Hajara tana ji. Shi ya sa na liƙe masa, ni ke riƙe jaka, ni ke riƙe lema, ina jiran ranar da zai ce na isa.

Sai shekarun kiriz suka zo, lokacin da tattalin arzikin ƙasa ya karye. Albashi ya yanke, kamfanoni suka sallami mutane, masu kawo mini shadda suka koma kawo tsohon wando a yi masa faci. Ni kaina na tattara iyali muka koma Nylon inda haya ke da sauƙi, na bar shago kawai a New Bell. Goro ya yi tsadar da gayyar gida guda ta koma ɓari ɗaya. Baba kuwa ko a jikinsa, don shi tun duniya na kwance namijin goro ɗaya kwana huɗu yake yi masa. Da reza yake yanka shi, ya nannaɗe sauran a takardar siminti. Na taɓa roƙonsa ya ɗan sam mini, ya dube ni sama da ƙasa, ya kankare ɓawon ya zuba mini a tafi.

"Fara da wannan. Ba a ɗora wa jaki mai ciwon baya buhu."

A cikin kwanakin da ake rufe gari saboda rikicin siyasa ne, ba taksi ba kasuwa, wata tsohuwa ta rasu a layin su Baba. Kowa ya ce a binne ta da mutanen kusa kawai, Allah ya ga uzuri. Baba ya ce matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego ba za a kai ta da mutum bakwai ba. Ya ɗauki sandarsa, na ɗauki lema, muka fita da ƙafa. Tayoyi na ci da wuta a mararraba, mutumin da ya doshi tamanin yana gaba, ni ina baya ina haki kamar wanda ya haɗiyi injin niƙa. Kusa da kasuwar Sandaga zandarmomi, wato 'yan sandan soja, suka tare mu, suka ce katin shaida. Baba ya zaro nasa daga cikin hula. Ni na shafa aljihun dama, na shafa na hagu, na tuna yana cikin rigar da na cire jiya.

"Zauna a ƙasa," in ji zandarman.

Na zauna. Baba ya gyara tsayuwa, ya karanto masa sunana, sunan ubana, garin da aka haife ni, da lambar katin tun daga farko har ƙarshe, cikin Faransancinsa na kasuwa. Sau ɗaya ya taɓa ganin katin nan, ranar da ya faɗo mini a masallaci. Zandarman ya saki baki, ya tambaye ni ko haka ne. Na ce ina jin haka ne, don ni kaina lamba ukun farko kawai na riƙe.

"Papa, ɗanka ne?"

"Allah ya kiyaye. Matata ya sace. Ka yi haƙuri da shi, shef, ba shi da lafiya." Ya rage murya yadda duk shingen zai ji. "Ciwon daga ƙasa ne."

Har muka sha kwana ina jin dariyarsu. An yi wa tsohuwa salla da sahu tara.

Ranar na ce abin ya isa. In dai a ƙugu maganar take, ai ƙugu yana da magani. Akwai wani mai magani sabon zuwa daga Najeriya da ke shimfiɗa a gefen kasuwar Dakar, na je masa da hula a kan ido kamar mai sayen kayan sata. Ya ba ni wata kwalba mai ruwa baƙi kamar tsohon man inji, ya ce wannan ko gawa aka ɗura wa sai ta nemi aure. Ya faɗa mini yadda ake sha. Kafin in iso Nylon na manta ko cokali ɗaya ya ce sau uku, ko cokali uku sau ɗaya. Don kada in yi kuskure sai na sha uku sau uku.

Kwana uku ban san komai a duniya ba sai hanyar bayan gida. Wannan kam na haddace ta, ko ido rufe. Na rame har Hajara ta ce in na juya gefe ba ta ganina. A rana ta uku sai ga Baba ya zo dubiya, ya zauna a bakin katifa yana tauna abinsa.

"Ɓarawo, me ka sha?"

"Wani magani ne."

"Ya sunansa?"

Wallahi mutumin ya faɗa mini sunan, har sau biyu.

Baba ya juya ga Hajara. "Amaryata, haɗa kayanki mu koma gida. Wannan ko an zuba, zuba yake yi."

To, yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a benci ba.

Bayan kamar shekara biyu, na lura Baba ya fara yawan neman buta. Muna tsakiyar gayya sai ya ce in jira shi, ya shiga bayan wani gida ya daɗe, ya fito yana gumi. Ran nan da hantsi fitsari ya tsaya masa cak, matarsa Inna Kulu ta aiko a kira ni daga shago, muka kai shi asibiti. Suka sa masa roba, suka ɗebi jini, suka yi hoto, aka ce mu dawo. Ranar komawa ni ne tafinta, don Baba ya ce shi Faransancin asibiti ba ya shiga kunnensa.

Likitan wani natsattsen mutum ne mai tabarau. Ya ce in gaya wa Papa akwai ƙulli a ƙasan mafitsararsa, kuma ba mai kyau ba ne. Ya wuce a cire shi, amma ana iya hana shi abinci ya lafa.

"Me yake ci?" in ji Baba. "In tuwo ne na bari."

Likita ya ce ba tuwo ba ne. Wani sinadari ne a jinin maza da ake kira testosteron, shi ke fito da gemu, ya buɗe murya, ya yi sauran aikin da kuka sani, kuma 'ya'yan maraina ne ke yin sa. Shi ciwon ke sha yana girma. Hanya biyu ce. Akwai allurar da ake yi a kai a kai, wadda a shekarun nan ko a kantin magani sai dai a ba ka labarinta. Akwai kuma ƙaramin aiki, a cire inda abin ke fitowa, a huta.

Na dubi likita, na dubi Baba, na dubi fanka.

"Ya ce... za a ɗan rage maka kaya."

"Na ji abin da ya ce. Faransancin da nake ji ya girme ka. So nake in ga ko kana da bakin faɗa." Ya gyara zama. "Ce masa maganar mata ba ta dame ni ba, na haifi goma sha ɗaya, wanda ya fi ni ya ɗaga hannu. Tambaye shi gidajen fa."

"Waɗanne gidaje, Tsoho?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Waɗannan."

Na yi wa likita bayanin aikin Baba da karatunsa na ƙugu, ina jiran ya fashe da dariya. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce gaskiya wasu in an yi musu sukan ce kansu ya ɗan yi nauyi, wasu kuma ba sa jin wani canji, kuma su kansu likitoci ba su gama gane yadda abin yake ba. Ba zai yi wa Papa alkawari ba. Abin da ya sani shi ne in an bar ciwon, zai shiga ƙashi, kuma ba zai yi masa da sauƙi ba.

"Ka ji ko," in ji Baba. "Boko ma ta biyo ni a hankali." Ya ɗauki sandarsa. "Ce masa na gode. Da kayana na zo duniya."

A cikin taksi muna komawa, Allah ya yafe mini, wani daɗi ne ya taso mini tun daga ciki. Na ce a raina ko ya yarda ko ya ƙi, jakar nan ta kusa zama tawa. Har na fara tunanin irin rigar da zan ɗinka wa kaina. Mutumin yana gefena yana cije leɓe duk ramin da muka faɗa, ni ina zaɓen zare. Na faɗa ne don ku san irin ɓarawon da yake nufi.

Wata biyu yana ƙi. 'Ya'yansa suka yi magana, liman ya yi, abokinsa na benci Malam Garba mahauci ya yi har ya yi fushi. Baba ya ce shi ba zai zauna a ƙofar gida yana tambayar mutane sunansu ba. Ya rame, ya daina fita gayya mai nisa. Inna Kulu ce ba ta ce komai ba sai ran da ta kawo masa kunu ina wurin, ta ajiye, ta tsaya a kansa.

"Malam, gidajen nan da kake rowa, in ka tafi da su, a can wa za ka gayyata?"

Ya sha kunun har ya huce a hannunsa. Can ya ce a gaya wa likita ya wasa wuƙarsa, amma da sharaɗi: ba za a taɓa shi ba sai ya juye gidajen a kan wani. Ya dubi ɗakin kamar mai neman wani ɗin, bai ga kowa ba sai ni.

"To. Abin da ya samu ke nan."

Kwana uku yana juyewa, kwana uku ina zubarwa. Ya faɗa mini gida goma da safe, da azahar in dawo masa da shida, biyu a ciki na mutanen da suka mutu. A rana ta huɗu na zo da littafin 'yan makaranta mai bango ja, ina ɓoye shi a bayana. Na zaci zai kore ni. Sai ya yi ajiyar zuciya.

"Rubuta. Tunda Allah bai ba ka ba, kanti ya ba ka."

Mako uku muna yawo, shi a bayan babur ɗin haya, ni a wani, mu sauka a bakin kowane layi ya nuna da sanda. Wannan kafin wancan. Wannan in ka shiga kada ka ambaci Garwa, ɗansa ya tafi can bai dawo ba. Wannan kurma ce, ka gaya wa surukarta amma ka fuskanci ita. Wannan zai ce ba zai zo ba, kada ka roƙe shi, shi ne zai riga kowa. Ina rubutawa ina mamaki, don ni da nake bin sa shekara da shekaru ƙofofi kawai nake gani.

Ranar ƙarshe muka zauna a kan wani teburin mai tumatir a bakin Sandaga don ya huta. 'Yan dako na wucewa da buhunan albasa, kowa "sannu Baba". Ya bi su da kallo, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Sabi'u."

Tun da na auri jikarsa bai taɓa kiran sunana ba.

"In na farka ban gane Kulu ba, kada ka bari mutane su shigo. Ka tsaya a ƙofa ka ce barci nake."

Na ce to. Rigar da na zaɓa wa zare, tun a wurin na ji ta fita raina.

Aka yi aiki ranar Talata. Ranar Alhamis na shiga ɗakin da littafin a cikin riga, Inna Kulu na zaune a gefen gado tana yi masa fifita. Ya buɗe ido ya dube ta, ya daɗe yana kallo, har na fara matsawa wajen ƙofa.

"Kulu, wannan zanen ai na sunan Hajara ne. Har yanzu bai mutu ba?" Sannan ya juyo. "Ɓarawo, fito da abin da ke cikin rigarka. Ja ni, ka gwada kaina."

Na buɗe tsakiya, inda na san akwai wuya. Na ce bayan gidan mai na Nylon, wa ke bin wa? Ya jero su kamar mai karanta Fatiha. Na tsallaka gada, ya bi ni. Na koma bayan Dakar, yana nan. Na yi masa tarko, na sa ƙane gaban wa, ya ce in ji tsoron Allah. Can ya ce, "Shafi na nawa kake? Ka rubuta Alhaji Sani mai fata sau biyu, ka bar Sani direba." Na duba, haka ne. Mutum yana kwance da ɗinki, an raba shi da abin da ya ce shi ne rumbun tunaninsa, yana gyara mini littafi.

Na yi murna, Allah ya sani, har na fita baranda na share ido. Amma ina dawowa kishin ya dawo tare da ni, ya ma ƙaru. Da ina da abin faɗa, in ce ai namijin goro ne, ai ƙarfin jiki ne. Yanzu fa?

Mu duk mun yi niyyar rufa masa asiri, mu ce aikin ƙaba aka yi masa. Ranar da ya koma benci, kafin kowa ya gaishe shi ya sanar da kansa.

"An cire. Duka biyun. Mai tambaya ya yi."

Malam Garba ne ya yi ƙarfin hali.

"To Iro, ina karatun naka? Shekara talatin kana hana mu sakewa, ka ce a ƙugu abin yake. Ga ƙugu ya tafi, kai yana nan."

"Karatu yana nan daram. Ajiya nake ci. Shekara tamanin ina tarawa, kana zaton za ta ƙare a wata biyu?" Ya nuna ni da sanda. "Wannan ne abin tausayi. Injinsa na aiki ba dare ba rana, amma har yau ba a ga kaya sun fito ba."

Bai kuma daina tambayar mutane abin da suka ci shekaranjiya ba. Shekara uku ya ƙara, ya yi ƙiba, muryarsa ta ɗan yi laushi, yakan ce zafi na taso masa ya sa a yi masa fifita. Jakar kuwa bai sake ta ba. Ni dai ina nan a baya da lema, littafi na cikin akwati yana jiran ranarsa.

Ranar ta zo da safiyar wata Laraba cikin damina. Ina buɗe shago aka zo aka ce Baba ya cika bayan asuba, kansa a kan cinyar Inna Kulu. Na shiga na gan shi an rufe, ƙafafunsa sun leƙo, ƙafafun nan da suka san kowane lungu na garin nan. Ban samu damar kuka ba, don Malam Garba ya kama kafaɗata ya ce, "Bayan azahar za a yi salla. Kai ne yanzu."

Na ɗauko littafi daga akwatin da ke ƙarƙashin teburin shago, na sa shi a leda, na hau babur. Jama'a, ranar na yi gayyar da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa Duwala. Ruwa na dukana, ina sauka ina hawa, wa kafin ƙane, tsohon gida kafin sabo. Ban ambaci Garwa ba. Na fuskanci kurma. Na shiga Nylon layi layi, har layinmu, na gaya wa maƙwabcina na dama da na hagu, na wuce. Da aka tsaya salla, sahu ya fita daga masallaci ya toshe titi, masu taksi suka kashe mota. Na tsaya a baya jiƙe sharkaf, ina duba fuskoki, duk wanda ya kamata ya zo yana nan. Na ce a raina, Tsoho, tashi ka gani.

Allah ya jiƙan Baba Iro. Ya yi shekara hamsin yana yawo don kada a manta da kowa, ya Allah kada ka manta da shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka ba shi amsa a bakinsa ranar da za a yi masa tambayar da ta fi tasa. Ni kuma ka yafe mini abin da na ji a cikin taksi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa, aka ajiye mini hanta a gabana ba tare da na roƙa ba. Ina cikin ba mutanen benci labarin yadda na yi, na kai gida ɗari huɗu ina shirin ƙarawa, aka ce Inna Kulu na kira. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa. Tana zaune a tabarma cikin mata, Hajara na gefenta ta juya mini ƙeya, abin da na ɗauka na baƙin ciki ne, don kwana uku ke nan ba ta ce mini uffan ba.

"Sannu da ƙoƙari, Sabi'u. An ce ka sha ruwa."

"Ai ba komai, Inna. Ko gida ɗaya ban bari ba."

"Haka ne. Saura mako guda ya rasu ya kira Garba, ya ba shi sunan gida uku, ya ce ran da ta faru ya je musu da kansa, don ba sa cikin littafinka. Wai ran da yake faɗa maka su, kana kallon mai tsire."

Matan suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Ya ce kada a gaya maka, uku ba yawa. Na huɗun ne ko shi bai hango ba. Jikarsa ta fari, matarka, ta kan katanga ta ji wurin maƙwabta."